Yadda Maman Wilfred Ta Koyi Ciyar da Mutum Ɗaya

Duk wanda ya yi aiki a masaƙun Kakuri a zamanin da injuna ke ruri, da wuya a ce bai taɓa cin tuwon Lydia Ishaku ba. Ba mai kiranta Lydia sai fasto, shi ma sai ranar da ake karanta sunaye a coci. A bakin kowa Maman Wilfred ce. Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa aka kawo ta Kaduna amarya, Hausarta ba ta nuna ba tukuna, amma hannunta ya san muciya. Mijinta Ishaku yana sashen rini. Ba ta cika shekara a gari ba ta kafa murhu uku a bakin ƙofar ma'aikata, kuma daga ranar ba ta sake ɗora ƙaramar tukunya ba.

Da masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, sai ta koma girkin biki da na makoki. Suka bar gidan haya a Unguwar Mu'azu a shekarar da mutane da yawa suka sauya unguwa, suka gina ɗaki uku a Mahuta, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Idan ka ce mata, "Mama, mutum ɗari uku ne," sai ta ɗan dubi sama, ta gaya maka mudun shinkafa, ta gaya maka yawan manja, kuma ba za a yi ragi ba, ba za a rasa ba. Ko bayan 'ya'yanta biyu sun tashi, Wilfred ya tafi Fatakwal, Hadassah ta yi aure a Abuja, ita dai girkin mutum goma take yi, maƙwabta su kwashe saura. Abu ɗaya ne ba ta taɓa koya ba, dafa wa mutum ɗaya.

Mantuwar Baban Wilfred a hankali ta shigo. Wata Talata ya sa kwat ɗinsa na Lahadi, ya ɗauki littafin waƙa, ya zauna yana jiran ta shirya. Suka yi dariya su biyu. Daga baya ya fara tambaya ko an busa jiniyar canjin aiki, masaƙar da aka rufe tun Hadassah tana sakandare. Sai kuma wata rana a watan Yuli ya je aski, nan bayan layi, bai dawo ba. Wani ɗan acaɓa da ya san shi ne ya tsince shi can wajen hanyar matatar mai, yana tsaye yana kallon motoci. Ranar ba wanda ya yi dariya.

Abin da ya fi damun Maman Wilfred ma ba mantuwar ba ce. Mutumin ya daina cin abinci. Za ta ajiye masa malmala biyu, ya gutsura sau uku ya wanke hannu. Wandonsa ya fara zamewa, sai da ta huda wa bel sabon rami da ƙusa.

Hadassah ta zo ta kai shi asibiti. Bayan likita ya gama nasa, ya rubuta magani, sai aka tura su wurin wata nas, Sista Scholastica, wadda cocinsu ɗaya. Ta ɗora shi a sikeli, ta taɓe baki.

"Mama, ki saurare ni da kyau. Babban kwano yanzu tsoro yake ba shi. Ki riƙa ba shi ɗan abin taɓawa, kaɗan-kaɗan, bayan kowace awa biyu ko uku. Gyaɗa cikin tafin hannu. Dafaffen ƙwai ɗaya. Ayaba, gwanda, rabin fiya. Ɗan busasshen kifi, ɗan kindirmo marar sukari. Irin waɗannan suna taimaka wa jiki, suna taimaka wa kai."

"Zai warke ke nan?"

"Ban ce zai warke ba, Mama. Na ce zai samu ƙarfi."

"To da me zan haɗa masa gyaɗar?"

"Ba da komai ba. Gyaɗa kawai."

Maman Wilfred ta gyaɗa kai, don ba ta son a ce ba ta gane ba. Amma ba ta gane ba.

Kafin Hadassah ta koma, ta zaunar da uwarta a bakin gado. Ta ce sun yi magana da Wilfred. Daga nan zuwa ƙarshen Oktoba, idan Baba ya ci gaba da ramewa, za ta zo ta ɗauke shi zuwa Abuja, ta samo mai kula da shi.

"Ni kuma fa?"

Gidan Hadassah a hawa na uku yake, ba lif, kuma gwiwoyin Maman Wilfred ko matakalar coci guda huɗu sai an riƙe ta. Su duka biyu sun san wannan.

"Za ki riƙa zuwa dubiya, Mama."

Dubiya. Shekara arba'in da huɗu suna kwana ɗaki ɗaya, yanzu ta koma mai zuwa dubiya. Kuma me za a ce a Zumuntar Mata ta coci? Matar da ta ciyar da rabin Kakuri ta kasa ciyar da mijinta, sai da 'yarta ta zo ta karɓe shi.

Washegari ta tashi da ƙarfinta. An ce gyaɗa, an ce bayan kowace awa biyu ko uku. To ai ba wuya. Ta niƙa gyaɗa ta yi miya da alayyafo, ta tuƙa tuwon acca, ta kai masa da ƙarfe goma. An ce kifi, ƙarfe ɗaya ta yi farfesu da doya. An ce ƙwai, ƙarfe huɗu ta soya guda huɗu da tumatir da albasa, ta yanka burodi. A ganinta ta bi maganar Sista, har ta ƙara da ladabi. Domin a inda ta tashi, abinci shi ne abin da ya hau wuta aka zuba a kwano aka rufe. Mace ta miƙa wa mijinta gyaɗa a tafin hannu, kamar wanda aka tare a tasha? Uwarta da ta ji haka da ta tashi daga kabari.

Baban Wilfred ya ga kwanuka suna zuwa suna komawa, ya rikice gaba ɗaya.

"Maman Wilfred, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Ci abincinka."

"To bikin wa ake yi?"

Ranar da ya daure ya ci, sai barci ya kwashe shi a kujera har yamma, ya farka bai san safiya ce ko dare ba. Ranar da bai ci ba, sai ya ture kwanon da bayan hannu. Iskar gas ta ƙare cikin kwana goma sha biyu. Maƙwabta kuwa suka yi ƙiba.

Ana cikin haka Hadassah ta turo wani dogon saƙo a waya, jerin abincin da aka ce yana gyara ƙwaƙwalwa, da hotuna. Wasu 'ya'yan itace shuɗaye kamar ɗinya, wani kifi ja kamar an shafa masa manja. Maman Wilfred ta ɗauki wayar har kasuwar Sabo tana nuna wa masu kaya. Wata mai kayan miya ta juya wayar sama da ƙasa ta ce, "Mama, wannan ai sai a talabijin." A ƙungiyar Zumunta ta waya kuma kowa da nasa. Wannan ta ce dabino bakwai kullum. Waccan ta ce kul, dabino sukari ne. Wata ta ce ƙwai yana hawan jini, wata ta ce ƙarya ne, mijinta biyu yake ci. Wata ta turo muryar wani mutum yana rantsuwa da zuma da citta. Maman Wilfred ta zauna a kan turmi da wayar a cinya, ta rasa wanda za ta bi. Ita da ba ta taɓa tambayar kowa yawan gishiri ba.

Bayan wata guda suka koma sikeli. Ya ragu da kilo ɗaya da rabi.

"Mama, me kike ba shi?"

Ta lissafa mata, da ɗan alfahari ma. Sista Scholastica ta dafe kai.

"Wayyo Allah, Mama! Na ce abin taɓawa, kin buɗe masa gidan abinci! Ki ajiye muciyar nan, don Allah. Tuwo sau ɗaya ko biyu ya isa, shi ma ɗan kaɗan. Sauran, ƙaramin faranti. Irin na shayi."

"Farantin shayi? Mijina?"

"Mijinki, Mama. Ba nawa ba."

Ta dawo gida ta ciro farantan shayin da aka ba ta tun bikin Wilfred. Ta zuba soyayyiyar gyaɗa a ɗaya, ta kai masa, tana kau da kai kamar mai aikata abin kunya. Ya dubi farantin, ya dube ta.

"Baƙi za mu yi?"

"Naka ne."

"Ni? Ni yaro ne?" Ya ɗauki wani faranti ya rufe, ya ɗora a kan talabijin. "A ajiye wa baƙi."

Haka aka yi da ayaba, haka aka yi da gwanda. Komai sai ya rufe ya ajiye wa baƙin da ba sa zuwa. Ran Lahadi, ana tsakiyar wa'azi, ta ji wani wari. Ta laluba aljihun kwat ɗinsa ta sami dafaffen ƙwan ranar Alhamis, a naɗe cikin hankici.

A hanyar dawowa ta yi ta juya maganar a ranta. Ta ga laifinsa, ta kuma kasa ganin laifinsa. Mutumin da ya manta sunan layinsu bai manta cewa dattijo ba ya zama shi kaɗai yana tsintar gyaɗa a faranti ba. Ita ma ai haka ta sani. Babban kwano ya ƙi, ƙarami ya ƙi. Satumba ta kusa ƙarewa. Ta fara kallon tsohuwar jakar tafiyarsa a kan kabad, tana tunanin rigunan da za ta zuba.

A makon farko na Oktoba matan Zumunta suka kawo mata rabin buhun sabuwar gyaɗa. Za a yi kunun gyaɗa na taron mata, kuma ko da ta daina tsayuwa a bakin murhu, har yanzu ita ake kawo wa irin wannan aiki. Da la'asar ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaro, ta zuba gyaɗar a tire, ta fara ɓarewa. Yatsunta sun yi tauri, kowace ɗaya sai ta matsa sau biyu.

Baban Wilfred yana kujerarsa yana kallo. Can sai ya ce, "Haka ake ɓare gyaɗa a garinku?"

"In ka iya, zo ka yi."

Ya taso. Ya zauna a bakin tabarma da ƙyar, ya jawo tiren gabansa. Hannun da ke rawa in ya riƙe cokali, sai ga shi yana fasa gyaɗa ƙwas, ƙwas, ƙwas, ɓawo gefe, ƙwaya cikin kwano. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga ya jefa ɗaya a baki. Ya ɓare huɗu, ya jefa ta biyar. Ya ɓare uku, ya jefa biyu. Bai dube ta ba, bai ɓoye ba, bai ma san yana yi ba. Haka kowa ke yi tun tana yarinya. Wanda aka zaunar ɓare gyaɗa yana ci yana aiki, babba ko yaro, ba mai ƙirga masa, ba mai ce masa kwaɗayayye.

Ta yi shiru kamar wadda ke tsoron korar tsuntsu. Gyaɗar ɗanya ce, kuma haƙoransa na gefe sun zube, tana ganin yana fama. Ta tashi a hankali, ta ɗebi mudu ɗaya ta dafa da ɗan gishiri har ta yi laushi, ta tsane, ta kawo a wani tire.

"Wannan ma a ɓare. Ta wani aikin ce."

"Wane aiki?"

"Kai dai ɓare."

Ya ɓare. Rabi ne kawai ya isa kwano.

Daga ranar gidan ya cika da aiki. Da hantsi ta dafa ƙwai uku ta ce ya taimaka ya ɓare mata, idan ɗaya ya fashe sai ta ce, "Wannan ya lalace, ba zai shiga ido ba, cinye shi." Kullum sai ɗaya ya lalace, ko da ita ce za ta danna masa babban yatsa. Ta kawo busasshen kifi ya cire ƙaya, tana zaune kusa tana sa ido, shi kuwa yana tsintar gutsattsarin. Ta ba shi gwanda ya kankare 'ya'yan da cokali, ta ce ya ɗanɗana ya ji ko ta nuna. Kindirmo kuma sai ta ce, "Baban Wilfred, bakina ya mutu yau. Sha ka ji ko mai nonon nan ta cuce ni da ruwa." Ya sha rabin kofi, ya yi tunani, ya ce sai ya ƙara kafin ya yanke hukunci.

Amma hankalinta bai kwanta ba. Wannan ba ƙarya take yi masa ba? Ita da ke zama a layin gaba a coci? Ta tambayi Sista Scholastica bayan sujada.

"Kifin yana buƙatar cire ƙaya ko ba ya buƙata?"

"Yana buƙata."

"To ina ƙaryar?"

"Ƙwan fa? Ni nake fasawa."

"Mama, wannan kuma ki tambayi fasto, ni nas ce."

Ba ta tambayi fasto ba. Kuma ba ta iya cewa ga abin da ke faruwa a kan mutumin ba. Wata rana zai tashi garau, ya ba ta labarin wani Albert da suka yi aiki tare a sashen rini, har da lambar injinsa. Washegari ya tambaye ta ko ita ce sabuwar mai haya. Barcin rana dai ya ragu. Tuwon dare, da ta koma zuba masa rabin malmala, yana kusan cinyewa. Ko gyaɗar ce, ko aikin ne, ko zaman da suke yi tare a tabarma, ko maganin likita ne ya fara aiki, ba ta sani ba. Sikeli ya ce ya ƙaru da rabin kilo. Rabin kilo! Ko nauyin kazar kirki bai kai ba. Ta rasa ko murna za ta yi ko kuka.

Asabar ta ƙarshe a Oktoba, da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar gida. Hadassah ta shigo da sabuwar jaka a hannu. Ta tarar da ubanta a tabarma, tire a cinya, ɓawon gyaɗa har kan gwiwarsa.

"Mama! Mene ne wannan? Marar lafiya kika sa aiki?"

"Sannu da hanya dai tukuna."

"Wace hanya? Na bar miki mutum ki kula da shi, kin mai da shi lebura! Haba Mama, idan ba za ki iya ba ai sai ki faɗa."

"Ni ce ba zan iya ba? Ke da na yaye ki da kunun gyaɗa?"

"Ina abubuwan da na turo miki a waya?"

"Suna cikin wayar."

Maman Wilfred ta so ta yi bayani, amma ta ina za ta fara a gabansa? Idan ya ji cewa dabara ce, shi ke nan, ya rufe tiren ya ajiye. Ta yi ta ƙifta wa 'yar ido, ita kuwa Hadassah ta ɗauka wani abu ne ya faɗa wa uwarta a ido.

Baban Wilfred ya ɗago kai ya dubi mai jakar. Ya daɗe yana kallonta.

"Juliana," ya ce. Sunan ƙanwarsa ne, wadda ta rasu shekara goma da suka wuce.

Fuskar Hadassah ta canza. "Baba, ni ce. Hadassah."

"To ko wace ce. Ba a tsaya wa masu aiki a kai. Zauna ki kama."

Ta dubi uwarta. Uwar ta matsa mata wuri. Ta ajiye jakar, ta tattare siket ɗinta na ofis, ta zauna. Ta ɓare ɗaya, biyu, da farcenta masu fenti, idonta cike da hawaye. Uwar ta taɓa ta da gwiwa, ta nuna mata da haɓa. Hadassah ta duba. Ya ɓare uku, ya jefa biyu a baki. Ya ɓare biyu, ya jefa ɗaya. Ta bi hannunsa da ido har tsawon lokaci, bakinta a ɗan buɗe.

"Ke ba kya ci?" ya ce mata. "Azumi kike?"

Ta jefa ɗaya a baki.

Daga baya, a kicin, murya ƙasa-ƙasa, suka yi maganar. Maman Wilfred ta nuna mata katin asibiti.

"Rabin kilo ne kawai, Mama."

"Na sani."

"Kuma bai gane ni ba."

"Jiya ya gane hotonki. Gobe ban sani ba. Ni ma wani lokaci mai haya ce."

"To yana samun sauƙi ne ko ba ya samu?"

"Hadassah, da na sani da na gaya miki. Abin da na sani, yana ci. Mai kula da shin da za ki ɗauko, za ta zauna ta ɓare gyaɗa da shi?"

Hadassah ta fita bayan gida ta kira Wilfred. Uwar tana jiyo rabin maganar, Turanci da Hausa a cakuɗe, "A'a, ka tsaya ka ji… ni ma ban gane ba… na ce ban gane ba, amma na gani da idona." Da ta dawo, ta ce sun yarda ya zauna har Kirsimeti. Za a sa sabon sakata a ƙofar waje. Duk mako biyu a hau sikeli, a turo mata hoton katin. Idan ya sake raguwa, ba sauran magana.

"Kirsimeti," in ji Maman Wilfred. Ta ƙirga a yatsu. Mako takwas. Ba ta san ko an ba ta nasara ba ne ko an ɗaga mata ranar shari'a.

Da motar ta tafi, ta koma tsakar gida. Yana nan inda suka bar shi, tiren ya kusa ƙarewa.

"Matar nan da ta zo," ya ce, "ba ta iya aiki ba. Amma tana da kirki."

"'Yarka ce."

"Haka na yi zato." Ya karkaɗe ɓawo daga cinyarsa, ya leƙa cikin tiren. "Saura akwai?"

Ta shiga ɗakin ajiya. Gyaɗar matan Zumunta ta tafi tuni, buhun da ke nan ita ta saya. Bokiti biyu cike da ɓararriyar gyaɗa, da roba uku ta kifin da aka cire wa ƙaya, ba ta san wanda za ta ba ba. Sabuwar gyaɗa kuma ta kusa wucewa a kasuwa, ba ta san abin da za ta ba shi ya ɓare a Disamba ba. Ta tsaya tana kallon buhun. Sannan ta ɗebi mudu ɗaya, ta rage rabi ta mayar, ta ɗora ƙaramar tukunya.